Tambaya da Amsa: Ta Yaya Aka Tabbatar Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41 Ba Ta Rabuwa?

Tambaya: Malam, na ji an gano wata lamba mai alƙaluma sama da miliyan 41 wadda babu abin da ke raba ta ba tare da saura ba, sai 1 da ita kanta. Wa ya zauna ya gwada raba ta da kowace lamba har ya tabbatar? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, babu wanda ya gwada, domin da za a ɗora wa dukkan kwamfutocin duniya wannan aiki, da ba su gama ba har duniya ta naɗe.

Lambar da kake nufi, irin wadda masana lissafi ke kira firam, Luke Durant ne ya gano ta a watan Oktoba na 2024, ƙarƙashin GIMPS, wani shirin neman irin waɗannan manyan lambobi da kwamfutoci, wanda aka kafa a 1996. Ana samun ta ne idan aka jera 2 har guda 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1, kuma alƙalumanta 41,024,320 ne. Ana danganta lambobi masu wannan siffa ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648, kuma wannan ita ce ta 52 da aka tabbatar firam ce a cikinsu.

Kafin lamba mai wannan siffa ta zama firam, dole ne yawan biyun da aka jera ya zama shi ma firam, amma hakan kaɗai bai wadatar ba, domin idan ka jera 2 guda 11, ka ninka su da juna, ka cire 1, za ka sami 2047, wadda 23 sau 89 ce.

Siffar tata ce ta buɗe gajeriyar hanya da ake kira gwajin Lucas da Lehmer, da sunan masana lissafi biyu da suka samar da shi, kuma ina so ka ɗauki biro ka gwada shi a kan 31, wato 2 guda 5 a ninka su da juna a cire 1. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta, ka cire 2, ka sami 14. Ka maimaita da 14, ka sami 194, wadda idan ka raba da 31 saura 8. Ka maimaita da 8, ka sami 62, wadda 31 ke rabawa babu saura. Ƙa'idar ita ce a yi matakai daidai da yawan biyun a rage 2, wato uku a nan, kuma idan sauran ƙarshe sifili ne, lambar firam ce.

A ganina abin burgewa shi ne gwajin ba ya neman abin da zai raba lambar ko kaɗan, shi ya sa idan lamba ba ta ci gwajin ba, yakan nuna tana rabuwa ba tare da ya faɗi da me ba. Da irin wannan dabara Edouard Lucas ya tabbatar da wata lamba mai alƙaluma 39 da hannu a 1876, ita kuwa ta Durant sai da kwamfuta ta yi matakai 136,279,839 kafin sifilin ya fito.