Daren da Wata Ya Ɓuya a Indiya

Baffa, barka da war haka. Ka tambaye ni ko Hindu ma suna fita duban wata kamar mu, tunda ka ji an ce suna girmama ranar sabon wata. Suna girmama ta ƙwarai, Amabasiya suke ce mata, sai dai ba jinjirin wata suke jira ba. Nasu shi ne daren da wata ya ɓuya gaba ɗaya, sama ta yi baƙi ƙirin, kwana ɗaya ko biyu kafin mu mu ga namu ya tsaya.

Kuma ba da ido suke yi ba, lissafi ne. Malamansu sun raba wata gida 30, kowane gida ana ce masa titi, wato lokacin da wata ke ɗauka ya ƙara wa rana tazarar digiri 12. Gidan da ke faɗowa sa'ad da wata ya zo daf da rana shi ne Amabasiya. Titi bai san asuba ko magariba ba. Yana iya shiga da la'asar ya fita gobe bayan faɗuwar rana, don wani ba ya kai awa 20, wani yana haura 26. Shi ya sa a 2024 aka sha gardama kan ranar Diwali, bikin fitilunsu da ke faɗowa ran Amabasiya, wasu suka kunna fitilu 31 ga Oktoba, wasu 1 ga Nuwamba. Na yi dariya a raina, na ce ashe rigimar wata ba mu kaɗai ta sama ba.

Mu nan Delhi da sauran arewacin ƙasar, watansu yana ƙarewa ne ran da wata ya cika, don haka Amabasiya a tsakiya take faɗowa. A jihohin Gujarat da Maharashtra da Karnataka kuwa ita ce ke rufe wata.

Galibi ranar ta matattu ce. Maƙwabcina, wani dattijo mai sayar da yadi, yakan yi wanka da sassafe, ya fuskanci kudu, ya ɗebo ruwa da baƙin riɗi a tafin hannu yana zubarwa ta gefen babban yatsa, yana kiran sunan mahaifinsa da kakansa da kakan-kakansa. Matarsa ta ajiye shinkafa a kan katanga don hankaki, sai sun ci hankalinta ke kwanciya. Da yawa ba sa cin nama a ranar, kuma a nan arewa ba a son ɗaura aure ko tarewa a sabon gida. Mafi girma ita ce wadda ke rufe makonni biyun tunawa da magabata a Satumba ko Oktoba, lokacin da garin Gaya na jihar Bihar ke cika maƙil da masu kai dunƙulen shinkafa bakin kogin Falgu.

Akwai ta watansu na Maga, ta yin shiru da wanka a mahaɗar kogunan Ganga da Yamuna a garin Prayagraj. A irinta ne, 29 ga Janairun 2025, aka yi turmutsitsin da hukuma ta ce ya kashe aƙalla mutum 30. Diwali ce ta fita daban, duhun nan ne suke cikawa da fitilun ƙasa masu mai da lagwani.

Mu Hausawan nan, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu rakiyar marasa lafiya, ba ruwanmu da ibadar, Allah ya tsare mana imaninmu. Amma kalandarsu tana mana amfani. In muka ga Amabasiya ta fita yau, mun san gobe da magariba a fara ɗaga kai. Azumi da Sallah dai ba ma ɗauka sai kwamitin ganin wata na Jama Masjid, babban masallacin Delhi, ya sanar, kuma sau da yawa ku da Sarkin Musulmi kun riga mu da kwana ɗaya. A gaida su Inna.