Amsa kan aikin kammala karatu a fannin mota mai fetur da lantarki

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari tambayarka a kan yaronka da ke karatun injiniyan kanikanci, wanda yake son ya yi aikin kammala digirinsa a kan motar da ke haɗa fetur da lantarki, kai kuma kana ganin ɓata lokaci ne tunda kamfanin Toyota ya fitar da irin wannan mota mai suna Prius tun 1997. Ni dai ra'ayina a bar shi ya yi, amma a taimake shi ya zaɓi ɓangaren da zai kama.

Da yawa daga cikin abin da ke cikin waɗannan motoci daga ɗakunan binciken jami'o'i ya fito. A Jami'ar Oxford ta Ingila ne John Goodenough ya gano sinadarin da aka gina batirin litiyom a kansa a 1980, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2019. A Amurka kuma, Ma'aikatar Makamashi da kamfanin General Motors sun shafe shekaru suna shirya gasar EcoCAR, inda ake miƙa wa ɗaliban jami'o'i sabuwar mota su kwance ta, su sake tsara injinta domin ta rage shan mai da fitar da hayaƙi ba tare da ta rasa ƙarfinta ba. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Uganda, domin malamai da ɗaliban Jami'ar Makerere ne suka ƙera ƙaramar motar lantarki mai suna Kiira EV a 2011, kuma daga wannan aiki aka kafa kamfanin Kiira Motors wanda yanzu yake haɗa manyan motocin bas.

Abin da nake so yaron ya gane shi ne, wahalar wannan mota ba a gangar jikinta take ba. Tana cikin ƙaramar kwamfutar da ke yanke shawara a kowace daƙiƙa: yaushe injin fetur zai tashi, yaushe zai mutu a bar batir ya ja motar a cikin cunkoso, da kuma yadda za a mayar da ƙarfin da ke salwanta lokacin taka birki ya koma caji. Ɗalibanmu sukan ƙare kuɗinsu a wajen mai walda suna ƙera gangar da za a ɗauki hotonta, alhali ba su auna komai ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

A wajenmu akwai matsalar da ta dace da shi, wato zafi. Batirin litiyom yana saurin lalacewa idan ya daɗe cikin zafi mai tsanani, ga shi kuwa a Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, ga ƙurar da ke toshe kafofin shan iska. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu Keke Napep ke neman mafita, don haka idan ya samu batirin keke mai lantarki guda ɗaya, ya auna zafinsa da rana tsaka a kan titi na tsawon makonni, sannan ya gwada hanyar sanyaya shi mai araha, ya yi aikin da malamansa za su karɓa. Ka ce masa ya kai wa malamin da ke duba aikinsa wannan shawara kafin ya sayi ko da wayar lantarki ɗaya.