Amsar Yaya Kan Injin Markaɗen Auta

Assalamu alaikum mutanen gida. Baffa ina wuni, Gwaggo ina wuni, an wuni lafiya? Sai yanzu na samu na zauna na saurari muryar Auta, tun la'asar nake ganin saƙon amma ina kan titi.

Ga wanda bai saurara ba, ga abin da ta ce. Ranar Asabar ta sayi injin markaɗe a wani babban kanti, naira dubu 38, ta kai gida ta jona, ko tari bai yi ba. Washegari ta koma da shi cikin kwalinsa, ga rasit a hannu, yarinyar da ke wurin biya ko ɗago kai ba ta yi ba, da biro ta nuna mata wata takarda a bango, wai kayan da ya fita ba ya dawowa. Sannan ranar sayen, sau biyu aka zura katinta a POS, na farko ya ce bai tafi ba, alhali banki ya cire. Shi ne take tambaya, ta haƙura ne ko ta koma ta yi musu tijara.

Baffa ya ce ki bar wa Allah. Baffa, da girmanka, a nan kam zan ɗan saɓa maka. Dubu 38 sau biyu a wannan marrar ba kuɗin bari ba ne. Amma ke ma Auta, tijarar ba ta taso ba, kuma zan gaya miki dalili.

Bari in fara da na POS, shi ya fi sauƙi. Wannan kuɗin yawanci ba ya hannun kantin, a tsakanin bankuna ya maƙale. Bankinki za ki nufa, ki tafi da 'yar takardar nan da injin POS ɗin ya fitar mai nuna bai tafi ba, da alat ɗin da ya shigo miki. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ce rikicin POS irin wannan a warware shi cikin awa 72. In kin kai ƙorafi suka yi ta ce miki je ki dawo har sati biyu, CBN ɗin yana da sashen kare haƙƙin kwastoma, can ake kai ƙarar banki. Ki dai tabbata sun ba ki lambar ƙorafi, kar ki yarda da "za mu duba" ta fatar baki.

To sai takardar bango. Auta, wannan takardar ba doka ba ce, mai kanti ne ya buga abarsa ya liƙa. Akwai dokar kare masu saye ta 2018, ita ta haifar da hukumar FCCPC, kuma a ƙarƙashinta in an sayar miki da kaya mai aibi, wanda bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba, kina da haƙƙin mayar da shi. Hukumar ta sha faɗa cewa irin wannan rubutun bai soke haƙƙin mai saye ba. Da a ce kin je gida ne kika ga kalar ba ta yi miki ba, to wannan wata magana ce. Amma injin da bai tashi ba? Haba.

Kuma kar ku ɗauka hukumar ta takarda ce kawai. A watan Fabrairun 2024 sun garƙame wani babban kanti a Abuja, saboda farashin da ke jikin kaya daban, wanda ake caja a wurin biya daban. Ni wannan ɗin ya taɓa ni, don ya faru da ni. Sayayyar azumin da ya wuce, na ɗauki galan ɗin man gyaɗa, na ga kuɗinsa ɓaro-ɓaro a rubuce a ƙasansa. Na zo wurin biya, yaron ya haska shi, sai na ga ya ɗara da naira dubu ɗaya da ɗari biyar. Na ce malam, ba haka aka rubuta a can ba. Ya ce, "Yallaɓai, kwamfuta ce." Na ce to ni kwamfutar na gani ko takardar? Ya ce wai jiya aka canza farashi, ba a kai ga cire takardar ba. Kafin in ce wani abu na bayana sun fara tsaki, wata Hajiya tana cewa bawan Allah in ba za ka saya ba ka ba mu wuri. Sai ka ce ni ne na yi laifin. Na biya don kunya. Canjina naira 50 kuma ya miƙo min alewa biyu, ni da nake fama da suga. Ina zuwa ƙofa mai gadi ya tare ni, ya zazzage ledar yana ƙirga kaya ɗaya-ɗaya yana duba rasit, kamar ya kama ɓarawo. Ranar silifas ne a ƙafata, daga wurin aiki nake. Wallahi ranar Juma'a da na koma kantin nan da babbar riga, shi wannan mai gadin har da sara min, ledar ko kallonta bai yi ba.

To amma ga inda nake so ki fahimta, Auta. Kin san shekara bakwai na yi ina yaron shago a Kantin Kwari kafin maigidana ya sallame ni, Allah ya jiƙansa. A can, mace ta doso shago tun daga nesa ka miƙe, Hajiya sannu da zuwa, ga kujera, a kawo ruwa. Ka sauke mata turmi ashirin, ta ɗaga wannan ta ajiye wancan, ta taya, ka ce albarka, ta ƙara, ka ce albarka, ta miƙe ta tafi ba ta sayi ko ƙyalle ba, kai kuma ka ce Allah ya kawo ki gobe, ka ninke kayanka. In ta dawo bayan kwana uku ta ce ta buɗe atamfa ta ga tabo, ba a dogon zance, a canza mata. Kuna tsammanin don mun fi yaran kantunan nan tarbiyya ne? A'a. Ni na san duk matar da na riƙe da kyau, ranar da na buɗe nawa shagon wurina za ta zo. Ga ɗan abin da maigida ke ba ka in ka yi ciniki mai kyau. Kuma maigidan yana zaune a nan kan dardumarsa, in magana ta fi ƙarfina juyawa kawai zan yi in ce Alhaji ga fa abin da ake ciki, ya yanke nan take. Ba wai kasuwa ba ta da nata halin ba, kun san 'yan kamasho da jan hannun riga, da farashin da ake yanka wa mutum gwargwadon takalminsa. Wannan zancen wata rana ne.

Ita kuwa yarinyar da ta nuna miki bango, me za ta samu in kin dawo? Albashinta ɗaya ne ko kin saya ko ba ki saya ba. Tun safe take tsaye har dare. Mafi ƙarancin albashi an mayar da shi dubu 70 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ku tambayi duk wanda ya taɓa aikin kanti nawa ake ba shi. In an tashi lissafi da dare kuɗi bai cika ba, a albashinta za a cire. Shi ya sa ko kin nuna mata a wayarki kuɗi ya fita, ba za ta bar ki ki tafi ba sai ta ga ya shigo, tun ba ma bayan wahalar kuɗi ta farkon 2023 ba, lokacin da masu alat ɗin bogi suka yi wa 'yan kasuwa ta'asa. Mayar da kuɗi kuwa ba ta da ikonsa ko kaɗan, mai kantin ma wataƙila ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba. In kika je kika sauke mata kwandon masifa, kin bar jaki kina dukan taiki.

Ban ce ta kyauta ba fa. Ɗago kai ka ce wa mutum sannu, ki yi haƙuri, bari in kira miki babba, wannan ba ya buƙatar izinin kowa. Shan ƙamshin nan da suke yi, sai ka ce roƙo ka zo, shi ya fi kuɗin ciwo. Na san shi ne ya sa muryarki take rawa.

Abin da za a yi, ba da yamma za a je ba lokacin da layi ya kai ƙofa, da safe za a je. Ba za mu tsaya kan kanta ba, manaja za mu nema. A jona injin a gabansa ya gani da idonsa, sannan mu ce ko a canza ko a dawo da kuɗi, ya zaɓa. In ya nuna mana bango shi ma, mu ɗauki hoton takardar da na rasit, mu gaya masa cikin ruwan sanyi cewa za mu kai wa FCCPC, ga kuma hukumar kare masu saye ta Jihar Kano. Sau da yawa daga nan murya take sauyawa. Kuma don Allah ku duka, kayan wuta in kun saya ku ce a gwada muku kafin ku fito, suna da soket a wurin, ba alfarma ba ce.

Auta, gobe Talata ƙarfe goma zan biyo in ɗauke ki, mu fara ta banki. Kar ki yar da kwalin, har ledojin ciki ki haɗa. Kuma ki ce wa mijinki ya ajiye sukudirebar nan, na ji yana cewa a bayan muryarki bari ya kwance ya duba, in ya taɓa ƙusa ɗaya sun samu abin fakewa. Gwaggo, zumarki tana mota, zan sauke miki in mun dawo. Sai da safe.