Za a buɗe wa matata ƙofar zuciya da balan-balan, za ta huta da allura?

Tambaya: Salam likita. Matata shekararta 27, tun haihuwarta ta biyu take haki, ko shara ba ta iya gamawa, da dare sai ta jingina da filo uku. An yi eko, wato hoton zuciya, an ce ƙofar zuciya da ake kira mitral ta tsuke, wai za a buɗe ta da balan-balan ba sai an tsaga ƙirji ba. Wallahi tsoro nake ji. Kuma in an yi za ta huta da allurar nan ta wata-wata? Ta gaji da ita.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ba ta lafiya. Kwantar da hankalinka, aikin ba sabo ba ne, tun 1984 wani likitan Jafan, Kanji Inoue, ya fito da shi. Ta jijiyar matsematsi ake zura siririn bututu har zuciya, a huda bangon tsakiya a shiga ɓangaren hagu, a hura balan-balan ɗin a bakin ƙofar ya raba inda ta manne. Lafiyayyar ƙofa faɗinta sikwaya santimita 4 zuwa 6 ne, in ta koma 1.5 ko ƙasa ta tsuke sosai, aikin kan mai da ita wajen 2. Kwana ɗaya ko biyu an sallame ta. Haɗari akwai, ƙofar na iya yagewa ta koma yoyo, ko gudan jini ya ɓalle ya kawo shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ake fara yin eko ta maƙogwaro a duba, in akwai gudan jini ko ƙofar ta yi tauri da yawa ko dama tana yoyo sosai to ba a yi.

Maganar allura kuma, a'a Malam, ba za ta huta ba, kuma nan ne muke asarar mutane. Balan-balan ya buɗe ƙofa ne kawai, bai taɓa abin da ya tsuke ta ba. Asalin abin ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi wa magani ba, wanda a gida ake cewa hakin wuya ne a kira wanzami ya cire beli, alhali ƙwayar cuta ce da penisilin ke kashewa, garkuwar jiki ta tashi yaƙi da ita ta haɗa da ƙofar zuciya. Duk lokacin da ƙwayar ta dawo yaƙin zai iya dawowa. Allurar benzathine penisilin ta kowane sati 3 ko 4 ita ke tare wannan, kuma mai irin ciwonta har shekara 40 ake yi, wasu ma har ƙarshen rayuwa.

Kullum labarin ɗaya ne, an yi aiki, haki ya tafi, ta yi ƙiba, sai gwaggo ta ce ai kin warke me za ki yi ta tsire jikinki, sai mai kemis ya ce allurar na kisa shi ba ya yi, sai mai mota da lasifika a bakin kasuwa ya sayar mata da jarka wai wankin jijiyar zuciya. Wace jarka ce ke narkar da tabo? Bayan 'yan shekaru a kawo mana ita ƙafa a kumbure, ƙofar ta sake tsukewa ga wata ta lalace, yanzu sai tsaga ƙirjin da kuke gudu, kuɗin ma ya ninka. Eh allurar na da zafi, ban musa ba, a haɗa ta da lidokain, maganin kashe zafi, a yi ta a asibiti, kar a yi a shago. Kai ne miji, amana ce a wuyanka, kai za ka riƙe katin ka san ranar.

In bugun zuciyarta ya hargitse aka ɗora ta a kan wafarin, maganin hana jini yin guda, shi ma ba a tsayarwa, a riƙa gwajin INR, wato awon tsinkewar jini, yana tsakanin 2 da 3. Sannan kar ta sake ɗaukar ciki sai kun zauna da likitanta tukuna.