Amsar Tambayar Amaryata Kan Ɗaga Hannu Sama

Amaryata, saƙonki ya iso ni a waya, ƙaninki ya kunna mini har sau biyu. Wai me ya sa muke ɗaga hannu sama in muna addu'a, shin Allah a can yake zaune? Na yi dariya har na sha tari, daga baya kuma na kasa barci. Wato karatun Yamai har nan ya kai ki?

Lokacin da muke karatun tauhidi a zaure nan cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da sifofi ashirin aka fara mana, muna rerawa kamar waƙa. Akwai guda mai wuyar faɗi, mukhalafatu lil hawadisi, ma'ana bai yi kama da komai cikin halitta ba. Wata rana wani abokina ya yi irin tambayarki. Malam bai ɗauki bulala ba. Cewa ya yi, “Yaro, duk abin da zuciyarka ta zana maka, to ba Shi ba ne.” Ya ci gaba da karatu.

Amma abin da na fi tunawa shi ne damanar 1984, shekarar da mutanenmu ke kira El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya. Gero ya tsiro ya ƙone a tsaye. Damagaram dama kin san mu da wahalar ruwa, sai ga mutanen karkara sun cika gari, makiyaya suna sayar da saniya kuɗin da bai kai na akuya ba. Aka yi shelar roƙon ruwa. Muka fita da hantsi cikin tsofaffin tufafi, babu mai turare, babu mai sabuwar hula. Liman ya yi raka'a biyu, ya juya mayafinsa, mu ma muka juya rigunanmu ciki ya koma waje. Ina kusa da mahaifina, Allah ya jiƙan rai. Kowa ya miƙa hannu, ni kuwa sai leƙen sama nake ko zan ga gajimare. Fes take, ko tsuntsu babu. Da na waiwaya, sai na ga shi kansa a sunkuye, hawaye na ɗiga a gemunsa. Mutumin da ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne yayana.

A hanyar gida na ce, “Baba, kowa na duban sama, ku kuna duban ƙasa.” Ya ce, “Mai bara yakan miƙa ƙoƙo ne, ba ya tambayar ina rumbu yake.” Sai ya jawo ayar Suratu Ƙaf, ta 16, inda Allah ya ce ya fi jijiyar wuya kusa da mutum. Ruwan kirki bai zo ba a shekarar, kada in yi miki ƙarya. Har tuwon dusa mun ci. Ban ji ya yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Yanzu kuwa ina jin yaran da ko Ahalari ba su sauke ba suna kafirta juna a Facebook kan wannan magana. Ai an yi wa Imamu Malik tambaya makamanciyar taki a Madina, ya ce istiwa'i, wato daidaituwar Allah a kan Al'arshi, sananne ne, yadda yake kuwa ba a sani ba, ya sa aka fitar da mai tambayar. Ke dai ba zan kore ki ba, wa zai dama mini fura?

In kin zo hutun Sallah ki tuna mini in kai ki ƙofar zauren nan, yana nan ko da yake rufin ya rufta. Ki taho mini da man zafi na gwiwa, wancan ya ƙare.