Badagry a yini ɗaya: daga ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina sana'a a Agege, amma ban taɓa wuce Alaba Rago ba. Yara sun samu hutu sun ishe ni da maganar Badagry, tsohuwar tashar cinikin bayi a jihar Legas, wai malaminsu ya ba su labarinta. Yini ɗaya zai isa? Kuma me Bahaushe zai gani a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yini ɗaya ya isa, in dai an yi sammako. Ana idar da sallar Asuba ku kama hanya, don titin Mile 2 zuwa Okokomaiko ba shi da alƙawari. Daga Agbara kuma sai shingayen kwastan da jami'an shige da fice, saboda iyakar Seme, tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Benin, na kusa. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa.

Yawancin baƙi da gidajen tarihi suke farawa, ni kuwa shawarata ku fara da tsibirin Gberefu tun rana ba ta take ba. Kwale-kwale za ku shiga daga Marina, titin bakin ruwa na Badagry, kuma kada ka yarda a tashi sai an sa wa kowane yaro rigar kariya. Daga inda aka sauke ku akwai tafiyar ƙasa cikin rairayi har bakin teku, hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jirgi. A tsakiyarta akwai wata rijiya da masu rakiya ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Labarin baka ne, a haka za ka ɗauke shi. Ku riƙe ruwan sha, inuwa ta yi ƙaranci.

Da kun dawo sai gidan Seriki Williams Abass, wanda aka taɓa bautar da shi a Birazil, ya dawo shi ma ya shiga fataucin bayi. Ɗakunan da ake tsare mutane ƙanana ne, iska sai ta wata 'yar kafa can sama. A gidan tarihin iyalan Mobee za a miƙo maka sarƙar wuya. Ɗaga ta da hannunka ka ji nauyi. In akwai ƙaramin yaro mai tsoro, a bar shi waje da mahaifiyarsa. Benen 1845 da 'yan mishan suka gina, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya, minti kaɗan ya ishe shi.

Maganar Bahaushe kuwa, ai tarihin ya taɓa mu. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun sa an gangaro da Hausawa da yawa zuwa wannan gaɓa, aka sayar da su Bahia ta ƙasar Birazil. A can ne bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi bore cikin watan azumi a 1835. Daga Badagry ɗin nan kuma Bature Clapperton ya tashi a 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ajali ya riske shi a 1827. Masu rakiya ba kasafai suke kawo wannan ba, to kai ka gaya wa yara.

Ku daidaita kuɗi da mai rakiya kafin ya buɗe baki, kuma ku juyo bayan La'asar, kada dare ya same ku a Agbara.