Wuƙar aljihu: wacce za a saya, wacce za a bari a kanti

Tambayoyin wannan makon duk a kan wuƙaƙen aljihu irin na da suke, masu naɗewa, waɗanda ake ɗago ruwansu da farce. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Wani matashi daga Zariya ya ce: "Abokaina uku suna tara wuƙaƙen aljihu, duk Asabar kowa ya fito da tasa a gwada. Ina so in shiga sahu amma aljihuna ba nauyi. Da wacce zan fara?"

Samari, fara da Opinel lamba 8, wadda aka rubuta Carbone a jikin ruwanta, wato ta baƙin ƙarfe mai iya yin tsatsa. Joseph Opinel ya fara ƙera wannan wuƙa a yankin Savoie na Faransa a 1890, kuma har gobe fasalinta bai canja sosai ba: mariƙin katako, ruwa siriri, sai zoben ƙarfe a wuya da ake murɗawa ya kulle ta, wanda aka ƙara mata a 1955. Ruwan lamba 8 santimita 8.5 ne. Ya isa fere rake, yanka igiya, feƙe fensir da raba tsire, kuma ba ya kumbura aljihu. Mun zaɓa maka ita ne don tana da araha kuma tana karɓar washi da sauri. Idan ka ɓata mata baki wajen koyo ba za ka yi kuka ba.

Akwai wasu biyu da suka daɗe da sanin hanyar Afirka. Okapi a Solingen ta Jamus aka fara yin ta a 1902 domin kasuwannin nahiyar nan, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ita ce mai ɗan zobe a gadon baya da ake ja kafin ta naɗe. Sau da yawa a dakushe take zuwa, sai ka wasa ta da kanka. Douk-Douk kuwa kamfanin Cognet na garin Thiers ne ya fito da ita a 1929, mariƙinta fallen ƙarfe ne da aka ninke, shafal take kwanciya a aljihu. Ta asali tana da zanen wani dodon tsibiran Malanisiya a mariƙi. Wanda ba ya son hoto a kayansa sai ya nemi 'yar'uwarta El Baraka, wadda aka yi wa adon nan na Buzayen Agadas. Sifirin Douk-Douk, wato ƙarfen gadon baya da yake danne ruwan, da ƙarfi ƙwarai, ka kauda yatsu kafin ka rufe.

Ka sayi ɗaya tak, ka riƙe ta damina guda da hunturu guda kafin ka sayi ta biyu. A nan za ka san tsayin da hannunka yake so, kuma ko kana da haƙurin kula da baƙin ƙarfe.

Wani malami daga Maraɗi ya ce: "Na yanka lemu da albasa da sabuwar wuƙata, washegari ta yi baƙi-baƙi. An cuce ni ne?"

Ba a cuce ka ba, Malam. Haka baƙin ƙarfe yake. Tsamin lemu, albasa, mangwaro ko tumatir yana rina shi ya koma toka-toka, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi. Wannan rinin ba ya cin ƙarfe, yana ma ɗan kare shi, kuma masu tara wuƙaƙe da yawa nemansa suke yi. Abin tsoro shi ne jar tsatsa mai kaushi, wadda in ka shafa yatsa kake jin ta. Ita ce take huda ƙarfe ta bar ramuka. In ta fito, ka goge ta da toka mai laushi a jiƙaƙƙen tsumma, ko samfefa mafi laushi da ɗigon mai, ka bi tsawon ruwan, sannan ka busar.

Maganinta ɗabi'a ce: da ka gama yanka ka share ruwan ya bushe kafin ka naɗe. Maganar mai kuwa, kada ka sa man gyaɗa ko manja. Bayan 'yan makonni suna yin danƙo a gaɓar wuƙa, su tara ƙura, su yi wari. Ruwan farafin da ake sayarwa a kemis don sha shi ne daidai ga wuƙar da take taɓa abinci. Man keken ɗinki yana aiki a gaɓa, amma ɗigo ɗaya, kuma kada ya hau ruwan. Wanda ya san ba zai iya wannan hidima ba ya sayi mai rubutun Inox, wato mara tsatsa. Ba abin kunya ba ne, musamman ga mazauna Legas, Fatakwal ko Akara inda iska kanta da danshi take.

Masu karatu biyu sun kawo ƙorafi iri biyu da muka ga tushensu ɗaya. Na farko ya ce tun da damina ta sauka Opinel ɗinsa ta ƙi buɗewa. Na biyu ya ce mariƙin ƙashi na wuƙarsa ya tsage kusa da ƙusa a watan Janairu.

Yanayi ne ya yi muku aiki. Katako yana shan danshi ya kumbura ya matse ruwan wuƙa. Mutanen Savoie suna da dabararsu: ka tabbata zoben a sake yake, ka riƙe wuƙar ta wajen wuya, ka buga ƙarshen mariƙin a kan tebur sau ɗaya ko biyu. Tsinin zai leƙo, sai ka kama. Kada ka sa filaya. Don kada ta maimaita, ka bar ta a buɗe a busasshen wuri kwana biyu ko uku har ta saki, sannan ka ɗiga farafin a tsagin gaɓar ka bar katakon ya sha. Kuma kada ka ƙara wanke ta a cikin kwano da sauran wuƙaƙen kicin.

Hunturu kuwa akasin haka yake yi. Ƙashi, ƙaho da katako suna bushewa su tsuke, ƙusar da ta riƙe su ba ta motsi, sai tsaga ta fara daga bakin raminta. Tsagar da ta riga ta fito ba ta komawa. Abin da za ka iya shi ne ka tsayar da ita da ɗigon gam mai ruwa-ruwa, ka share abin da ya yi saura nan take. Sauran wuƙaƙen ka shafa musu farafin kaɗan a mariƙi tun farkon Nuwamba, ka sake a Janairu. Kada ka bar su a gaban mota cikin rana. Wurin ajiya kuma akwatin katako ko na roba ya fi, da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Kuben fata na yawo ne kawai. Fata tana riƙe laima, sinadarin jima kuma yana cin ƙarfe da tagulla idan wuƙa ta yi watanni a ciki.

Akwai wani mariƙi da ya fi waɗannan duka haɗari, wato seluloyid, robar farko-farko mai sheƙi da launuka da aka yi wa tsoffin wuƙaƙen Amurka da Jamus. Idan ta fara ruɓewa tana fitar da tururi mai tsami wanda yake cinye ruwanta da na duk wuƙar da ke kusa. Alamarta mariƙin ya tsuke ko ya yi zane-zanen tsaga, sannan ɓangaren ruwan da yake waje ya yi tsatsa alhali wanda yake cikin mariƙi fes. Duk mai irin wannan ya ware ta daban, a wurin da iska take shiga.

Wata baiwar Allah daga Kano ta ce: "Ina so in yi wa maigidana kyautar Laguiole. Na ga wani shago a intanet yana sayar da shida a kwali ɗaya da kuɗi kaɗan, wani kuma guda ɗaya ta ninka su duka. Me ya bambanta su?"

Hajiya, Laguiole sunan wani ƙauye ne a yankin Aveyron na Faransa, kuma sunan fasalin wuƙa ne. Ba kamfani ɗaya ne yake da shi ba, shi ya sa ake buga sunan a kan kayan da aka yi a Sin da Pakistan, har da ɗan ƙudan zuman da ke wuyan wuƙar. Ƙudan ba shaida ba ne. Ki nemi sunan maƙerin a jikin ruwan da garin da aka yi ta, Laguiole ko Thiers. Shidan nan na kwali ki bar su.

Abu biyu da mai saye daga nan zai so ya sani. Da yawa suna da ƙananan ƙusoshi a mariƙi da aka jera su siffar gicciye, kuma wasu suna ɗauke da ƙarfen cire toshiyar kwalbar giya. Akwai waɗanda ba su da ko ɗaya, ki tambaya kafin ki biya.

In za ta zo hannunki kafin biya, ga yadda ake duba kowace wuƙa mai sifirin. Ki ɗaga ta a naɗe ki kalli gadon bayanta ta fuskar haske. In haske yana ratsawa tsakanin sifirin da gefuna, aikin gaggawa ne. Ki buɗe, ki kama ruwan ta baya da tsumma ki ɗan girgiza hagu da dama: kada ya yi lilo. Ki saurari ƙarar buɗewa, ya kamata ta ce ƙyas. Ki naɗe ki shafa yatsa a hankali a kan mariƙi, in tsinin yana leƙowa zai yaga aljihu ya kuma yanki hannu. Daga nan ki gaya wa maigidan cewa ita Laguiole raka ta ake yi da hannu har ta kwanta. A yawancin na gargajiya, in aka sake ta ta faɗa da ƙarfi, bakin yana dukan sifirin daga ciki ya dakushe wuri ɗaya.

Wani ɗan kasuwa ya ce: "Na tsinci tsohuwar wuƙa a kayan gwanjo, an rubuta Case XX, da ɗige-ɗige a ƙasa da lamba 6254. In goge ta ta yi ƙyalli?"

Alhaji, dakata tukuna. Kamfanin Case yana garin Bradford a jihar Pennsylvania ta Amurka, kuma lambobinsa suna da karatu. Lamba ta farko kayan mariƙi ce, 6 yawanci ƙashi ke nan. Ta biyu yawan ruwa, wato biyu. Sauran, 54, fasalin da ake kira Trapper ne, mai ruwa ɗaya mai tsini da ɗaya mai zagayayyen kai. Ɗige-ɗigen shekara suke nunawa. A 1970 aka fara da goma, duk shekara a cire ɗaya, har ya rage ɗaya a 1979. A 1980 aka sake komawa goma, amma harafin S ya koma siffar walƙiya. Ƙirga naka ka duba harafin.

Ana yin jabun Case, har da haɗa ruwan wata da mariƙin wata. Ka duba ko tsufan ya zo ɗaya: ruwa sabo fil a mariƙin da ya sha hannu abin tuhuma ne, haka ma tambarin da ya karkace ko wurinsa ya fi sauran sirantaka kamar an kankare an sake bugawa. Goga kuwa, in don daraja kake ajiye ta, kada ka kai ta ga injin. Masu saye sun fi son tsohuwar wuƙa da tsufanta. Ka cire datti da tsinken sakace, ka kashe jar tsatsa kawai, ka sa mai, shi ke nan.

Tambayar da ta fi maimaituwa ita ce ko a ba masu wasa wuƙa na kasuwa. Don wuƙar mahauta da adda, aikinsu ya yi. Ruwan wuƙar aljihu siriri ne, dutsen injin yana cinye shi cikin daƙiƙu, zafin kuma yana kashe taurin ƙarfen. In ka ga bakin ya yi shuɗi bayan washi, wurin ya mutu, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi an wuce.

Sayi dutsen washi mai fuska biyu, lamba 400 mai kaushi da 1000 mai laushi. Ka shafa baƙar maka a bakin wuƙar gefe biyu. Kwantar da ruwan, ka ɗaga bayansa kamar digiri 20, ka tura kamar kana son fere dutsen. Bayan tafiya biyar ka duba: in tawadar ta goge daidai bakin, kwanciyar ta yi, in sama da bakin ta goge, ƙara ɗagawa. Ci gaba a gefe ɗaya har ka ji wata 'yar geza ta ƙarfe ta juyo ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan ka juya. Mafi yawan masu koyo suna juyawa kafin gezar ta fito, shi ya sa suke awa guda ba kaifi. Koma fuskar 1000 da hannu sassauƙa, ka ƙarasa a bayan tsohon bel na fata, kana ja da baya sau goma kowane gefe. Gwaji a takardar jarida ake yi, ba a babban yatsa ba.

Na ƙarshe, wani mai shirin tafiya Ingila ya tambaya ko zai iya tafiya da tasa. A jirgi, cikin babban akwatin da ake aunawa za ta shiga. In ta kwana a jakar hannu, a filin jirgi za ka bar ta, kuma maniyyata ma su kula da wannan. A Ingila kuwa abin da doka ta yarda mutum ya yi yawo da shi ba tare da wani dalili ba shi ne wuƙa mai naɗewa, mara makulli, wadda bakinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62. Opinel daga lamba 6 zuwa sama tana da zobe, kuma zoben makulli ne a wurinsu. Lamba 5 zuwa ƙasa ba ta da shi, haka ma ƙananan Victorinox, wuƙaƙen aljihu na Switzerland, masu tsawon milimita 84 ko 91 a naɗe.